Wayo Huɗu Cikin Ashirin

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare shi, shi da ya sanar da ɗan Adam rubutu da alƙalami, ya kuma bar masa zaɓin abin da zai yi da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Maniru Sifawa, Allah ya ƙara lafiya, ya ƙara haƙurin zama a kan kujerar roba. Wakilin mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, a isar mana da gaisuwa da ban girma. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta malamai. Sakatariyar Zauren Alƙalami na Boɗinga da Shagari, Malama Bahijja, wadda za ku ji sunanta yau fiye da yadda take so. Iyayenmu mata, barkanku da fitowa. 'Yan'uwana marubuta, waɗanda suka buga littafi da waɗanda shekara tara ke nan nasu yana wurin bugu. Manoma da makiyaya da suka bar ban ruwa da garke suka zo. Da sauran jama'a, har da waɗanda suka ji an ce za a raba shinkafa bayan jawabi, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Lirwanu Lambara. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli, kuma littafi ɗaya tak na rubuta a duniya. Ina godiya ga kwamitin shirya wanga taro da ya zauna, ya duba gabas, ya duba yamma, ya ga babu wanda ya cancanci yin magana a kan amfanin katin jarumi wajen rubuta labari sai ni. Madalla da kwamiti! Haka ake so: in ana neman mai bayani a kan wuta, a ɗauko wanda ta ƙone.

Kafin in shiga magana, bari in faɗa maku abin da ke aljihuna, don kada ku ga ina taɓa shi ku ce goro nake nema. Takarda ce a ninke, an liƙe bakinta, daga hannun yayana Sha'aibu, manomin albasa a Lambara, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata bakwai ke nan ba ya yi mini magana sai gaisuwar da ake yi wa baƙo. Ranar Juma'a mai zuwa za a ɗaura auren ɗiyata Mu'minat, kuma kowa a nan ya san a wurinmu uba ba ya ba da auren ɗiyarsa da bakinsa matuƙar yana da wa a raye. Yayana shi ne waliyyi, ya kuma ce ba zai tsaya ba. Ko ya sake shawara ko bai sake ba, amsar tana cikin wagga takarda, ni ma ban san ta ba. Ya ce kada in buɗe sai a gabanku, bayan na faɗa maku abin da na yi. To ku yi haƙuri da ni, jawabin yau da ladansa nake yi.

Magana ta farko, mene ne katin jarumi, saboda iyayenmu da ba su san shi ba, Allah ya ci gaba da tsare su. Akwai wasu wasanni da ake yi a waya da kwamfuta, inda mutum ke zaɓar jarumi ya zama shi, ya shiga daji da shi, ya yi faɗa, ya yi ciniki, ya mutu, ya tashi. Kowane jarumi yana da kati, kati yana da gidaje: ƙarfi, wayo, juriya, kwarjini, haƙuri, sa'a. Kowane gida ana ba shi maki daga ɗaya zuwa ashirin. In jarumi zai ɗaga dutse, a duba ƙarfinsa. In zai yaudari mai gadi, a duba wayonsa. Sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita ce za ta yanke ko ya ci ko ya faɗi. Shi ke nan fa. Abin da kakanninmu suka yi shekara da shekaru suna zama da mutum kafin su ce sun san halinsa, ga shi an tattara mana a takarda ɗaya da ba ta kai tafin hannu ba.

Malama Bahijja ce ta kawo mana shi bara waccan, ita da take koyar da kwamfuta a nan Boɗinga. Kuma zan yi mata adalci, ko da ba a saba jin adalci a bakina ba: da kyakkyawar niyya ta kawo shi, don cutar da take son magancewa cuta ce ta gaske. Ku tuna irin jaruman da muke rubutawa. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar, likita ne, matuƙin jirgi ne, mahaddaci ne, yana da kamfani a ƙasa uku, yana dukan ƙarti goma da hannun hagu alhali yana amsa waya da na dama. Ba ya gumi, ba ya mura, ba ya mantuwa. Duk faɗin Shagari da Boɗinga ban taɓa haɗuwa da shi a tasha ba, amma kowane littafi yana ciki. Sai Malama ta ce, a cikin wasa ba a ba ka maki yadda kake so. Ana ba ka saba'in ka raba a gida shida, in ka cika wani gida dole wani ya rame. Ta ce, "Ku ba jarumanku rauni, ku rubuta shi a kati, ku riƙa dubawa, don kada wanda yake matsoraci a shafi na goma ya wayi gari zaki a shafi na sha ɗaya ba dalili." Wallahi magana ce mai kyau. Laifinta ɗaya, ta faɗe ta a gabanmu.

Magana ta biyu, abin da muka yi da shawarar. Mu da aka ce mu ɗanɗana gishiri, sai muka juye buhun a tukunya. Zaure ya koma wurin ludo. Dattawa masu furfura, masu jikoki, an kewaye tebur ana kaɗa ƙwaya a gwangwanin madara don a san ko jaruma za ta amsa sallamar jarumi. Akwai ɗan'uwanmu a nan, ba zan kama suna ba, ga shi can yana gyara hula, wanda ƙwaya ta kashe masa jarumi a shafi na uku. Aka ce masa, Malam, sake jefawa. Ya ce a'a, shi mutum ne mai bin doka. Ya rubuta sauran shafi ɗari da tamanin a kan 'yan zaman makoki. Akwai 'yar'uwarmu da ta ba jarumarta kwarjini ashirin, sa'a ashirin, juriya ashirin, ta raba goman da ta rage a sauran gidaje, ta fito mana da baiwar Allah wadda kowa ke so alhali ba ta iya tsallake kwata ba tare da an riƙe mata hannu ba. Muka tafa, muka ce an samu ci gaba. Ni na fi kowa tafi, don ni a lokacin ina ganin na fi kowa fahimta.

Magana ta uku ita ce tawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai wata ɗabi'a tamu da dukanmu muka sani, ba mai faɗa. Ba ma ƙirƙirar mutane. Ɗauko su muke yi daga gida, mu canza masu suna, mu ƙara masu gemu ko mu aske, mu sa su a littafi, sannan mu rubuta a shafin farko cewa duk wanda ya ga ya yi kama da wani, dace ne. Dace! A garin da in ka yi atishawa a bakin kasuwa za a yi maka sannu daga fadama. Ni ma haka na yi. Littafina labarin 'yan'uwa biyu ne, Gado manomi da ƙanensa Malam Hadi mai koyarwa. Ba sai an kira malamin duba ba.

Na zauna na yi wa kowa kati. Gado na ba shi ƙarfi goma sha takwas, juriya goma sha takwas, haƙuri goma sha tara, don ni mutum ne mai karamci, ba na rowar yabo. Da na zo gidan wayo, na sa huɗu. Na ce wa kaina maki ne suka ƙare, doka ce, ba ni ba ne. Malam Hadi kuwa, da na zo gidan wayonsa, maki ba su ƙare ba. Goma sha tara na ba shi. Ɗayan da na rage, tawali'u ne. Kuma saboda tsufa, don kada in rikice, a saman kowane kati na rubuta sunan littafi, kusa da shi na rubuta sunan gaskiya. Gado, Yaya Sha'aibu. Malam Hadi, ni.

Na bi katin nan sau da ƙafa. Duk inda Gado ya shiga sai an yi masa wayo. Dillali ya yi masa, maƙwabci ya yi masa, har akuya ta yi masa a babi na shida. Ni kuwa, wato Malam Hadi, ina zuwa a kan keke in warware komai da magana biyu. Da na gama, na tattara takarduna duka a leda ɗaya na kai wa wani mai buga littattafai a Sakkwato. Na ce masa, "Duk abin da ke ciki ka buga, kada ka rage ko wasali, na san halinku." Bawan Allah ya ji maganata. Bai rage ko wasali ba. Ya buga katunan nan a shafin ƙarshe, a cikin akwati mai ado, da manyan baƙaƙe, har ya yi masu fure a kusurwa. Kwafi ɗari biyar. Ni kuma mai wayo goma sha tara, na duba bangon littafin, na ga hotona ya fito da kyau, na ce a ɗaure.

A wanga ɗaki aka ƙaddamar da shi. Da yawanku kuna nan. Kun tafa, kun ci shinkafa, kun tafi da littafi. Ina so in yi amfani da wagga dama in gode wa duk wanda ya ga shafin ƙarshe a ranar ya yi shiru, da wanda ya ɗauki hotonsa ya tura wa 'yan'uwa da abokan arziki don kada a bar kowa a baya. Marubutan ƙasar nan kullum kuka suke yi ba a karatu. Ni ba ni da wanga kuka. An karanta ni a Lambara, an karanta ni a Sifawa, an karanta ni a tashar Shagari, waɗanda ba su iya boko ba an karanta masu. Shafi ɗaya dai, amma an karanta.

Kafin sati ya zagayo, yayana ya samu sabon suna. Mutumin da ya haura sittin, wanda ake kira a raba gardamar iyakar gona, ya shiga kasuwa da buhunan albasa, dillalai suna ce masa, "Sannu da zuwa, Na Huɗu." In ya faɗi farashi, a ce, "Haba Na Huɗu, bari mu kira mai goma sha tara shi yi muna lissahi." Ana yi ana dariya, a ganinsu raha ce. Bai tanka wa kowa ba. Haƙuri goma sha tara ai, ni na rubuta. Ya dai daina zama a majalisar ƙofar masallaci da ya yi shekara talatin yana zama, in an sallame sai ya ɗauki takalmansa ya wuce.

Na je wurinsa. Kada ku ɗauka haƙuri na je bayarwa, ina! Bayani na je yi. Na same shi a bakin rumbun albasa yana tsince ruɓaɓɓu. Na ce, "Yaya, ba ka gane ba ne. Wannan tsari ne na zamani. Maki saba'in ake ba mutum, in an cika nan dole can ya ragu." Jama'a, ku duba girman basira: na je in wanke kaina daga cewa ba shi da wayo, na buɗe baki da "ba ka gane ba". Ya saurare ni har na gama, bai ɗago kai ba. Sannan ya ce, "To Malam, na ji. A gaida gida." Tun da uwarmu ta haife ni Lirwanu yake ce mini, ko ya ce kai wanga. Ranar na zama Malam, kuma har jiya Malam nake.

Da maganar auren Mu'minat ta taso, dangin mijin, mutanen kirki na nan Boɗinga, suka tambayi wa za su gani. Na ce Sha'aibu mana, wa kuwa? Na aika masa da goro. Goro ya dawo a ƙullinsa, da saƙo: "A ce ma Malam, mai wayo huɗu ba shi ɗaura aure. Kada a yi mini wayo wurin sadaki a ji kunya. Shi nemo mai goma sha tara."

Na yi fushi, ba zan ɓoye maku ba. Na ce to sai me, ba ga limamai ba, ba ga abokai ba? Mu'minat ce ta tsayar da ni. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zaɓi mijinta, ba a yi mata gardama a banza. Rabin ƙuruciyarta a gidan Sha'aibu ta yi, lokacin da ake ta jefa ni ƙauyuka koyarwa. Ta ce, "Baba, in ba Baffa ne zai ba da ni ba, a ɗaga. In shekara ce, a ɗaga shekara. Ba zan shiga gidan mutane a ce gidanmu a tsage yake ba." Ta faɗa ba hayaniya, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki. Dangin miji kuwa sun riga sun gayyaci mutane har daga Birnin Kebbi, kuma an riga an ɗaga sau ɗaya da sunan ana gyaran ɗaki. In aka sake ɗagawa, kun san abin da za a ce, kun kuma san ba a kaina maganar za ta tsaya ba, a kan yarinyar za ta sauka.

Sai na tafi wurin Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage mana a manya, don ta sa baki. Na zauna na zayyana mata nawa uzurin. Da na ga ba ta motsa ba, sai na fito da abin da ke cikina tun ina yaro. Na ce, "Gwaggo, shi ma ai ya yi mini. Kin manta yadda ya riƙa kai ƙarata wurin Baba, wai hannuna yana kashe dashe, wai duk fangalin albasar da na taɓa sai ya bushe, har Baba ya kore ni daga fadama a gaban mutane ya ce in je can boko in ƙarata? Shekara hamsin ban manta ba."

Gwaggo ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, irin duban da ake yi wa tulun da aka saya aka ga yana yoyo. Ta ce, "Kai, Lirwanu, ashe har yau ba ka sani ba? Ubanku ya rantse ba ɗa nai da za shi boko, hannu shika so ga gona. Sha'aibu yag ga kana bin 'yan makaranta da ido awa maraya. Shi na ka bin bayanka shina tumɓuke dashen da kay yi, shi maida shi sama-sama don shi bushe. Damana guda da rani guda shina haka, shina shan zagi a kan asarar iri, har ubanku yag gaji yas sallame ka. Aikin mutum biyu ya koma kai nai shi ɗai. Ni nag gane shi da idona, yar roƙe ni kada in hwaɗi, don kada ubanku shi ji shi maido ka." Ta gyara zama ta ce, "Karanta mini takardag ga taka. Nawa ka ba shi?"

Na yi kuka a gaban tsohuwar nan, ni da furfurata, kuka na gaske mai majina. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya shirya dabarar da ta wuce ubanmu, ta wuce gari, ta wuce ni shekara hamsin. Da ita na yi karatu, da ita na ci albashi, da ita na riƙe alƙalamin da na zauna na auna shi da shi na ba shi huɗu.

Saboda haka, magana ta huɗu, wadda kwamiti ya gayyace ni dominta: shin katin jarumi yana da amfani? Yana da shi. Ku yi shi, ku ba jarumanku rauni, ku daina kawo mana matuƙan jirgi masu haddar littattafai. Malama Bahijja, ki saki ranki, tun ɗazu kike duban ƙasa, ba ke kika sa huɗun nan ba. Mai bugu ma ba shi ya sa ba, ƙwaya ma ban jefa ba a wanga gida. Na yi wata bakwai ina cewa maki ne suka ƙare, alhali tsohon haushi ne na samu gidan da zan zuba shi. Kati yana tambayarka nawa, ba ya tambayarka don me, ba ya kuma tambayarka ko ka san mutumin. Na yi zama da yayana shekara sittin ba biyu, na san ƙarfinsa don na ga yana ɗaukar buhu, na san haƙurinsa don a kaina ya yi shi. Abin da ya ɓoye mini saboda ni, shi na rubuta cewa babu. Wanda zai ɗauko mutum daga gidansu ya sa a littafi, to ya tabbata ya tambayi tsofaffin gidan tukuna. In ba zai iya ba, ya ƙirƙiro nasa, ya ba shi sifili in ya ga dama, ba mai mayar masa da goro.

Jiya bayan la'asar na koma Lambara. Wannan karon ban je da bayani ba. Na same shi a fadama, na tuɓe takalma, na durƙusa a kan kunyar gona cikin laka, na ce, "Yaya, Gwaggo ta faɗa mini. Na zalunce ka. Ka yafe mini." Ya ci gaba da buɗe wa ruwa hanya da fartanya, fangali ɗaya, biyu, uku, ni ina durƙushe. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da wagga takarda, da alama ta kwana biyu a wurin. Ya ce, "An ce gobe kuna da taro inda anka yi ma tahi. Can za ka buɗe ta. Ka hwaɗa musu abin da kay yi tukuna, da bakinka, kada ka rage ko wasali." Ashe har wannan ta iso masa. Na ce ko zai zo? Ya ce shi yana da ban ruwa, amma labari zai riga ni isa Lambara. Ban yi musu ba, na san ku.

To ga shi na faɗa. Shugaba, da izininka zan buɗe.

Af. Da ajami ya rubuta. Rabona da karanta ajami tun ina makarantar allo, shi kuwa da shi yake rubuta wasiƙunsa. Allah ya gafarta Malam, ka matso kusa, in na yi tuntuɓe ka ɗaga ni.

Kati ne ya zana. Gida shida, kamar nawa, har ya ja layi da kyau. A sama ya rubuta Lirwanu. Gidan ƙarfi, ba komai. Gidan wayo, ba komai. Duka shidan a buɗe suke, jama'a, ga shi ku gani, bai sa ko ɗigo ba. A ƙasa akwai rubutu. Ya ce:

"Na zana awa naka don in rama. Kwana ukku ina duba nai, na kasa sa ma lamba. Albasa nika aunawa, ita ma sai na hwasa nika sanin cikinta."

Bari in sha ruwa.

Akwai saura. Ya ce: "Mu'minatu ba ta yi mini komi ba. Ranaj Juma'a in an sauko masallaci ni ka ba da ita, da yardar Allah. A hwaɗa ma mutanen Boɗinga kada su makara. Wanga don ita na. Tsakanina da kai, ban gama ba tukuna, kada ka matsa mini. Ka zo, ka zamna baya, kuma kada ka yi jawabi."

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Wadda ke da lambar Mu'minat a cikin iyayenmu mata, don Allah a kira ta yanzu, tana wurin aiki, tun safe ba ta ci komai ba. A ce mata Baffanta zai tsaya. A ce mata kawai haka, sauran nawa ne.

Kun dai ji da kunnenku, bai ce ya yafe ba. Yana da gaskiya, kuma zan jira, ko wata bakwai ne ko fiye. Ranar Juma'a duk kuna cikin gayyata. Za ku same ni a sahun baya wajen takalma, bakina a rufe, wanda bai taɓa ganin haka ba ya zo ya gani. Roƙona ɗaya gare ku, kuma ba da wasa nake yi ba: wanda ya sake kiran yayana da sunan nan a kasuwa ko a tasha, ni ya zaga, kuma ban yafe ba. Sunansa Sha'aibu.

Allah ya saka wa shugaban taro da alheri, ya ja zamanin mai girma Hakimi, ya ƙara wa malamanmu lafiya. Allah ya yi wa albasarmu da gerommu da dabbobinmu albarka, ya ba mu zaman lafiya a Boɗinga da Shagari da ƙasa baki ɗaya. Allah ya sa alƙalumanmu su zama shaida gare mu, kada su zama shaida a kanmu. Allah ya ba Mu'minat da mijinta zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Allah ya ƙara wa Gwaggo Shatu kwana. Yayana kuwa, Allah ya biya shi abin da ni ba zan iya biya ba, ya kuma sanyaya zuciyarsa a kaina a lokacin da ya so. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.